Yadda Za Ka Tsira da Kujerarka Idan An Sayar da Kamfanin Gwamnati

An sayar da kamfaninku, sababbin masu shi suna rage ma'aikata? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, babu mai taɓa kujerarka. Yayan matata, akawu a kamfanin siminti, ya gwada su. Shi ba albashin ne ya fi damunsa ba, asibitin ma'aikata ne, inda Inna, mahaifiyarsa, ke karɓar maganin hawan jini kyauta.

1. Dawo da jikinka ofis

A da, kwat a bayan kujera ya isa shaida cewa ka zo aiki. Yanzu dole ka zauna a cikin kwat ɗin. Da wuya, na sani, amma ana sabawa.

2. Daina tafiya a hankali

Ɗaure fuska ka yi sauri, ko da banɗaki za ka. Masinja ya gaishe ka, ce masa, "Ina zuwa!" Kada ka zo.

3. Tara makullai

Nan asirin yake. Ba a korar mai makullai, don ba a san me zai tafi da shi ba. Yayan matata ya haɗa na tsohon akwati, na kekensa da aka sace, har da na kejin kaji, ya rataya a ƙugu.

Matarsa ta ce, "Baban yara, gadi aka mayar da kai?"

Ya ce, "Ke dai yi mana addu'a."

4. Bari manaja ya gan ka

Ya kuwa gan shi. Ranar da aka sallami rabin ma'aikata, har da masinja, sabon manaja ya kira shi.

"Kai ne mai makullan nan, ko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Madalla, irinka muke nema. Ga ɗaya ka ƙara. Asibitin nan asara ne kawai, je ka rufe shi."

Ya je. Inna na zaune a benci da katinta a hannu. Da ta gan shi sai ta yi murmushi.

"Ɗan albarka, ka zo taya ni jira ne?"

Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya ce, "Taso, Inna, mu je gida."

Gargaɗi

Kujera na yi alkawari, kuma yana kanta har yau. Maganin Inna ban ce komai a kansa ba. Mai ƙorafi kada ya wahalar da kansa zuwa gidana: mu ma ana cinikin kamfaninmu, na fita neman makullai.