Yaƙin Malam Barmo da Shimfiɗar Tebur

Hayaƙi ya turnuƙe shagon, soso ya narke ya manne wa dutsen guga, ga walima bayan La'asar.

Wanda wannan musiba ta afka wa kuwa shi ne Malam Barmo tela, ɗan Nomau mai katifa, jikan Tanko Dandatsa-Auduga, wanda ya cusa katifar da ƙarti huɗu suka kasa fitarwa ta ƙofa. Sadaukin bakin tashar Funtuwa, mai almakashin da ba ya dawowa kube da yunwa!

Hajiya Kulu, shugabar ƙungiyar matan unguwa, ita ta kawo aikin: doguwar shimfiɗa siririya ta tsakiyar tebur, faɗinta taƙi biyu, a sa mata ciki mai laushi don ɗora kwanuka masu zafi a wajen walimar. Da za ta tafi ta ce, "Malam Barmo, an ce gidanku katifa kawai kuka iya. Ni na musa. Kada ka kunyata ni."

Rundunoni uku suka yi sahu a gabansa. Soso ya riga ya yi shahada. Ya jawo fayiba, wannan farin gashin kanti mai santsi, sai gashin ya dunƙule a kusurwa ɗaya kamar mayaƙan da suka hango mutuwa. Saura auduga, dakarun kakanni. Ya yi bismilla, ya shimfiɗa falle ɗaya, sai ga abu ya kwanta lafiyau. Wallahi da a nan ya tsaya, da tarihi ya yi masa adalci.

Amma ya matsa da yatsa, ya ji katako. A zuriyar Tanko, tun da aka kafa ta, ba a taɓa sallamar aikin da yatsa ke jin ƙasansa ba. Jini ya motsa.

"A ƙaro auduga!" ya daka wa kansa tsawa, don shi kaɗai ne a shagon.

Falle na biyu, na huɗu, na bakwai. Allura uku suka karye a fagen fama, keke ya yi gurnani ya ƙi ci, gwarzo ya koma ɗinkin hannu da basilla, ya bi tsakiya da maɓallai kamar yadda iyaye suka koyar. Ya saɓa shimfiɗar a kafaɗa, ya nufi gidan Hajiya da takun wanda ya ci gari.

Aka ɗora a tebur. Aka sa jug ɗin zoɓo a kai. Jug ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya tuntsure a cinyar ma'ajiyar ƙungiya.

Hajiya Kulu ta daɗe tana kallon abin. Ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Ta juya wajen yarinyar gidan. "Ladidi, ɗauko mana ledar nan ta jiya."

A kan leda aka ci walimar.

Washegari Barmo na kankare dutsen guga, sai inuwa ta rufe ƙofa. Wani dogon mutum ne, siriri kamar kara, da shimfiɗar a hammata.

"Salamu alaikum. Kai ne mai wannan? A zauren Hajiya na kwana a kanta. Shekara arba'in ban sami katifa daidai ni ba." Ya waiwaya ya yafito wasu a waje. "Mu tara ne a gidanmu, ni ne mai ƙibar."