Rasuwar Bajimi, Lasifikar Malam Ja'afaru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka rasa abin saurare, Malam Ja'afaru mai hayar lasifika na Malikanchi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ikara da Maƙarfi da Kudan rasuwar babban akwatinsa, wanda aka fi sani da Bajimi. An tarar da gawar a cikin rumbun dawa ranar Laraba da hantsi. Daga ƙarfe da katako ya fito, can kuma ya koma.

Marigayin ɗan ƙasar Ingila ne. Ya zo gidan nan tun zamanin da Naira ke da baki, kafin soja su ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Malam Ja'afaru bai yi boko ba, bai taɓa karanta rubutun da ke bayan akwatin ba, amma ranar da ya gan shi a Kaduna ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ji ya amsa kamar turmin kirya, ya san ya gamu da ɗan halas. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katakon saƙa shi aka yi haƙori cikin haƙori. Mayen ƙarfen da ke cikinsa ya kai faifan tuwo.

Murya kuwa, sai wanda ya ji. In ganga ta ce dim, a ƙirji kake jin ta kafin kunne. Yana raba maka kalangu daban, goge daban, ba ya dama su kamar kunu. Ko an ƙure shi har ƙarshe bai taɓa tsagewa ba. Shi ne wanda kan ce, "Halo, halo, ana ji a baya?" masu yankan rake su amsa daga fadama. Shi ne ya ce, "Jama'a, an tsinci jar akuya mai tsagaggen kunne," mai ita ya jiyo daga Janfalan ya taho da igiyarsa. Ya yi Mauludi, ya yi Kirsimeti, bai taɓa tambayar mai magana ina yake sallah ba.

Wannan ba irin gwangwanin lasifikar da Lawal, abokin gasar Malam, ya sayo ba ne, wanda ake rataya wa keke da hannu ɗaya, yana ƙara kamar ƙuda a cikin kwalba. Malam Ja'afaru ya sha faɗar haka a kasuwa, a gaban Lawal da bayan idonsa. Araha ba ta ado.

Rashin lafiyar ta faro ne bayan girbi, da aka yi ta raɗe-raɗin cewa ana bi gida-gida ana kwashe kayan waje da aka ɓoye. Uwargida Lantana ta ce madara da sukari da sabulu ake nufi. Malam Ja'afaru ya ce abin da ya ci doma ba ya barin awai, kuma duk garin wa ke da kayan waje da ya kai nasa? Ya naɗe marigayin da tabarma, ya binne shi cikin dawa, ya liƙe bakin rumbu da laka. Har yau ba wanda ya zo bincike. Masu binciken ashe suna ciki. Ɓeraye suka cinye takardar maƙogwaronsa, suka haihu a gurbin. Gara ta biyo ta ƙasa ta gama da katakon, ta bar fenti tsaye.

An garzaya da shi Maƙarfi wajen Musa mai gyaran rediyo. Musa ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce irin wannan takarda ba ta shigowa ƙasar yanzu, ko a Kano sai dai labari.

Marigayin ya rasu ya bar amfilifaya ɗaya, gwauruwa, da makirufo biyu, da batirin mota mai yawan laulayi, da buhun kaset marayu. Ya kuma bar alkawari. Ranar Asabar ɗin nan ake auren Paulina 'yar Ilisha a Paki, kuma tun tana goye Malam Ja'afaru ya ce wa ubanta Bajimi ne zai yi bikinta. Ilisha ya riga ya gayyaci ƙauyuka. Tun Laraba Malam bai zauna wuri ɗaya ba. Daga zaure zuwa rumbu, daga rumbu zuwa bakin hanya, ya dawo ya sake ƙwanƙwasa akwatin ko zai amsa. Alkawari kaya ne, kuma shi bai taɓa sauke nasa a hanya ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a bayan rumbun. Mayen ƙarfen za a ciro a ajiye a ɗaki. Abin da ya saura na katako Lantana ta nema don kazarta mai kwanci, an hana ta. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar nasiha, musamman ta mata.

Da zarar an shafa fatiha, Malam Ja'afaru zai sa babbar rigarsa ya nufi gidan Lawal ya aro gwangwanin, saboda amarya ba ta san gara ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ana roƙon duk wanda ya gamu da shi a hanya ya yi masa gaisuwar rashi kawai, kada ya tambaye shi ina za shi. Waɗanda za su Paki kuma su matso gaba sosai, don a baya ba za a ji ba.