Kaka da Baklawa Kafin Tashin Jirgi

"...Lafiyata ƙalau, ganinka ne dai ya ɓata min safiya. Yanzu ne lokacin zuwa rakiyar mata?"

"Yo ai na ɗauka kin tafi, har na fara murna. Ina gajiya, Amarya?"

"Gajiya tana bakinka, mijin banza."

A zauren jira na filin jirgin sama ake wannan gaisuwa. Kaka ce a zaune, ta rungume jakarta kamar an ce za a ƙwace. Za ta je wurin autarta da ta haihu a wata ƙasa, kuma tun da take ba ta taɓa hawa jirgi ba. Wanda take wa ruwan faɗan jikanta ne Dogo, makanikin mota. Mahaifiyarsa ce ta kira shi a waya, ta ce ya yi maza ya zo: tun jiya tsohuwa ba ta sa komai a baki ba, ga maganin hawan jininta ba a shan sa da ciki wayam, kuma ta fara cewa a mayar da ita gida.

Dogo ya ɗauki jakar, ya ja tsohuwar zuwa wani shagon abincin 'yan Lebanon da ke gefen zauren, inda ake hangen jirage ta gilashi. Kaka ta zaɓi kujerar da ta ba gilashin baya.

"Ni fa ba yunwa nake ji ba."

"Wa ya ce ke zan saya wa? Ki zauna ki kalli mijinki yana ci, lada ne."

Aka jera masa faranti-faranti. Kaka ta leƙa na farko, ta yamutse fuska.

"Wannan fa? Sumuntin da ya rage musu ne na ginin nan?"

"Humus sunansa. Wake ne aka niƙa da riɗi, aka kwarara man zaitun."

"To su 'yan Lebanon ɗin ba su da haƙora ne?"

"Shi ya sa na ce danginki ne."

"Uwaka! Haƙorana sun fi na ubanka ƙwari. Wannan ciyawar kuma fa? Akuya ka mayar da ni?"

"Ganye ne da tumatir da lemun tsami. Ai da akuya na aura da na huta, ita ko ba komai ba ta fasa tafiya."

Ya yagi burodi mai faɗi kamar faifai, ya dangwalo humus, ya kai baki yana lumshe ido. Ƙamshin naman shawarma ya cika teburin. Kaka ta haɗiyi yawu, ta kau da kai.

"Wanda ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulaƙanci zai sauka."

"Ni makanike ne, in ta lalace a hanya in gyara. Ke dai faɗi gaskiya, bakin ne ba zai iya ba. Bari in ce su tace miki shi a kofi, kamar na jaririn da za ki gani."

"Ni? Ni da na tauna maka nama na sa maka a baki kana dalalar da miyau? Miƙo nan!"

Ta fizgi naɗin shawarmar daga hannunsa ta gatsa. Ta tauna. Ta sake gatsa.

"Yaya?"

"Ba gishiri."

"To ba ni abina."

"In bar ka ka ci abin da ba gishiri? Ai sai a ce ban iya riƙon miji ba."

Kafin a jima ta share shawarmar, ta bi humus ɗin da burodi har farantin ya yi ƙyalli, ciyawar akuya ma ba ta tsira ba. Dogo ya ɓallo ƙwayar maganin ya tura mata da ruwa, yana kallon wani wuri. Ita ma ta haɗiye tana kallon wani wuri.

Sai wani jirgi ya taso da ruri har kofuna suka yi rawa. Kaka ta damƙe hannunsa. Yatsunta sun yi sanyi.

"Dogo," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "kai da ka san ƙarfe. Abin da ba shi da ƙafa a sama, me ke riƙe da shi? An ce fa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

Bai yi dariya ba. Ya dafa hannunta da nasa.

"Faɗowa daban, sauka daban, Kaka. Wanda ya riƙe sama ba ginshiƙi, shi zai riƙe ki. Kuma autarki tana can tana leƙen ƙofa da ɗa a hannu. Wa zai gaya mata ya yi kama da ke, don a fara yi masa addu'a tun da wuri?"

Ta saki hannunsa, ta ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Ja'iri! A zamanina samari har faɗa suke yi a ƙofar gidanmu."

"Na ji labari. Kowa yana tura ɗan'uwansa."

Ya ɗaga hannu, aka kawo kayan zaƙi: baklawa, mai ɓawo sirara kamar takarda an jera su bisa juna, da dakakkun 'ya'yan itace korraye a tsakiya, zuma na tsiyaya, sai kunafa mai zafi, samanta ja, cikinta cuku.

"Wannan kam ba na tsofaffi ba ne," in ji Dogo, yana jawo farantin gabansa.

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

Ta sa cokali ta ɗebo kunafa. Cukun ya biyo ta yana miƙewa. Ta ɗaga hannu, ya ƙi tsinkewa. Ta miƙe tsaye, yana nan biye. Mai shagon ya juya baya yana ƙunshe dariya.

"Ka gani ko? Igiyar aurena da kai ke nan. Ja duk yadda za ka ja, ba ta tsinkewa."

"Wayyo ni! Malam, ara min almakashi!"

"Ko zarto za su ba ka. Kuma bari ka ji, in na shiga jirgin nan, matuƙin na ganina zai ce ya ga mata. Shi ko mai hula da igiyoyi a kafaɗa, ba mai baƙin mai a farce ba."

"Allah Ya sa! Ni zan zama waliyyi. Amma ki zauna ta tsakiya, kada nauyin shekarunki ya karkatar da su gefe guda."

Ana cikin haka aka yi shelar jirginta. Wata ma'aikaciya ta zo da keken tura tsofaffi, ta rusuna ta ce, "Mama, bismillah."

Kaka ta dubi keken sama da ƙasa.

"'Yar nan, ɗora wancan dogon, shi ne ƙafafunsa ke rawa don zan bar shi."

Ta gyara mayafi, ta rataya jaka da kanta. Baklawa ɗaya ta rage a faranti. Ta ɗauka, ta juya ta, ta tsotse zumar gefe da gefe tsaf, sannan ta miƙa masa.

"Ungo. Kada ka ce na tafi ban bar maka komai ba."

Dogo ya dubi abin da ke tafin hannunsa, ya dubi tsohuwar, dariya ta ƙwace masa har da ƙwalla.

"Na sallama, Amarya, kin ci gari. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke."

"Amin. Cinye a gabana."

Ya cinye.