Rasuwar Hajijiya, Injin Tsane Latas na Baba Direba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Baba Direba da iyalansa suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar Hajijiya, injin tsane latas na gidansu. Ta cika da hantsi a kan teburin kicin, bayan gajeriyar jinya da aikin tiyatar da bai zo da nasara ba.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba, marigayiyar kwanon roba ce mai kwando a ciki, da murfi mai hannun juyawa. A wanke latas a zuba mata, a juya hannun, kwandon ya yi ta wulwulawa har ruwa ya fice, ganye ya fito a tsane garau. Iyakar sana'arta ke nan, ba ta taɓa haɗa ta da wata ba.

Ta shigo gidan ne a shekarar da Baba ya ajiye tuƙin babbar mota, likita kuma ya ɗora shi a kan cin ganye. Ƙwan fitila ya fita saye, ya dawo da ita a hammata, babu ƙwan fitila. Mama, mai ɗakinsa, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ita tun tana yarinya take cin latas, ba ta taɓa jin ganyen ya nemi a hau lilo da shi ba. Ta ce abin ya cinye rabin kantar kicin, ga wahalar wanki, ga shi girgizawa da hannu ma ta wadatar. Mama ba ta sauka daga wannan ra'ayi ba har ranar rasuwa, kuma ta nemi a rubuta hakan a sanarwar.

Amma Baba ya san abin da marigayiyar ta yi masa. Kafin zuwanta, ba shi da wurin tsayawa a kicin. Ya leƙa, a ce ya tare haske. Ya ɗauki wuƙa, a ce zai yanke yatsa. Ya ɗaga murfin tukunya, a kora shi falo wurin rediyo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanya yana kewar gida, ya dawo gidan ya zama baƙo. Da Mama ta rantse hannunta ba zai taɓa Hajijiya ba, sai ya zama duk ranar salak dole a kira mai ita. Ya zauna a 'yar kujerar bakin taga, ya rungume ta a cinya kamar sitiyari, yana juyawa, Mama tana yanka albasa tana ba shi labarin unguwa. Nan ne kaɗai ake barinsa ya zauna kusa da Mama da rana tsaka.

Marigayiyar mai haƙuri ce da wadatar zuci. Ba ta shan mai, ba ta neman lantarki, ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Tana da birki, wani ɗan maɓalli a murfi, wanda Baba ya sha shaida cewa ya tuƙa manyan motocin da nasu bai kai shi kamawa ba. Za a daɗe ana tuna muryarta: "gurr, gurr" in za ta tashi, "wuuuu" in ta ɗauki hanya, sai "ƙit" in an taka mata birki.

Ciwon ajali ya fara ne da wani sabon sauti, "ƙyaƙ, ƙyaƙ". Mama ta ce tsinken ganye ne ya maƙale, a ɗauraye kawai. Baba ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce wannan kukan boris ne irin na ƙafar mota, injin da bai taɓa ganin sabis ba dole ya yi kuka. Ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya kwance murfin, ya tarar da 'yan haƙoran roba a bushe ƙayau. Tausayi ya kama shi. Ya ɗura musu giris irin na babbar mota har ya yi ambaliya. Da ya mayar da komai, wani ɗan sifirin ya rage a kan tebur, ya ce dama irinsu kamfani kan sa ne don ado.

Direban ƙwarai ba ya miƙa mota sai ya gwada ta a babbar giya. Ya zuba latas, ya juya da duk ƙarfinsa. Hajijiya ta yi wani "wiiiii" da ba a taɓa jin irinsa ba. Ya danna birki, babu birki, ashe na birkin ne sifirin ɗin. Murfi ya tashi ya gaisa da firij, latas ya manne a silin, wani ya sauka a kafaɗar Mama yana ƙamshin gareji. Maganar Hajijiya ta ƙarshe ita ce "ƙwas". Iyalai, ban da Mama, ba sa ɗora wa kowa laifi.

Ta rasu ta bar kwando ɗaya, kwano ɗaya mai tsagewa a gefe, da aminanta na kantar kicin: magogin karas, katakon yanka, da mazurari wanda bai san me ake ciki ba. Ta kuma bar Baba a falo, yana jin motsin kicin daga nesa, bakinsa ya yi nauyin neman a sayo wata.

Za a yi jana'izar murfin ranar da motar shara ta zo. Kwano zai koma baranda a shuka fure a cikinsa, kwando kuma ya karɓi aikin riƙe makaman shanya. An so a karɓi gaisuwa a falo, amma an sauya wuri, domin jiya Mama ta kira Baba, ta shimfiɗa masa tawul a cinya, ta dire masa latas jiƙe sharkaf, ta ce, "Direba, tunda kai ka kashe ta, kai za ka gaje ta. Ganye ɗaya-ɗaya, kuma ban da giris."

Aikin yana cin lokaci sosai, har a sauke tukunya bai gama ba. Saboda haka masu ta'aziyya su same shi a kicin. Waɗanda kuma suka yi niyyar kawo sabon inji a matsayin gudummawa, Baba yana roƙonsu da babbar murya su bari.