Hatsarin Jirgin Ƙasa a Aji Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na haddasa hatsarin jirgin ƙasa a Gwaram, garin da ko layin dogo bai ratsa ba.

Lokacin na gama sakandare ke nan, aka ɗauke ni koyarwar gwaji a firamare, shekarun da ake ta buɗe makarantu. Sai aka ce sufeto zai zo daga Birnin Kudu ya ga ko na cancanci a tabbatar da ni. Na ce ni ba zan tsaya ina rera biyu sau biyu ba. Fitilun ba wa jirgin ƙasa hannu zan koyar (sau ɗaya tak na taɓa ganinsu, wajen kawuna da ke aikin reluwe a Kano, amma ji nake ni na ƙera su).

Na samo tocila da takardun alewa masu launi. Yara suka riƙe ƙugun juna suka zama jirgi, Hansai sarkin taurin kai ita ce direba. Ja, a tsaya cak. Kore, a wuce. Ruwan ɗorawa, a rage gudu, don jirgi ba ya tsayawa farat ɗaya. Sai babbar dokar Kawu, wadda na dinga cusa musu da tsawa: fitila in ta mutu, ja ce, ko hedimasta ya ce a wuce kada a wuce.

Ranar, sufeto ya zauna da kofin kununsa. Na haska ja, jirgi ya tsaya. Ya gyaɗa kai. Na liƙa kore, na danna. Shiru. Na bubbuga tocila a cinya. Batir ya ce ga garinku nan (mako guda muna gwaji da shi, ban ko tuna ba).

"Hansai, wuce, kore ne," na raɗa mata.

"Ban gani ba, Malama."

"Na ce ki wuce!"

"Ai ke kika ce in ta mutu ja ce. Ke kuwa ko hedimasta ba ki kai ba."

Haƙuri dama ba gadona ba ne. Na fizgo hannunta, taragai suka biyo da gudu suna "kuuu!" Zanina ya harɗe ni, na zube. Jirgi kuwa, yadda na koyar, bai tsaya farat ɗaya ba. Sai bisa teburin sufeto.

Ya miƙe, kunu na ɗiga daga babbar rigarsa, ya ce, "Masha Allahu, darasi ya shiga. Direba ta ci. Malamar ce za mu dawo mu sake dubawa."

Aka ƙara mini zango guda na gwaji, aka kuma ƙara mini suna: Malama Kore.

Tun ranar, kafin in kafa wa yara doka sai na tambayi kaina ko ni zan iya bin ta. In amsar ta yi wuya, sai in sayi sabon batir.