Rigar Uban Hajara

Duk abin da zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukai a Runka ba. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, samarin Batsari kowa ya koma shadda da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Ni kuwa, malamin firamare mai ganin ya fi kowa wayewa, sai na koma tara tsofaffin rigunan saƙi. In na ga mai shadda har tausayinsa nake ji.

Wata ranar kasuwa wani dillali ya zaro mini wata baƙar riga mai aikin aska biyu, ta sha bugu har tana ƙyalli. Ban tambayi inda ta fito ba, na naɗe na yi gida ina murna kamar na tsinci dami a kala. Na ce wannan ita zan sa in je gaida baffan Hajara, yarinyar da nake mutuwar so. Mahaifinta bai shekara da rasuwa ba, aurenta yana hannun baffan, Malam Sule.

Na shiga zaure, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Malam Sule bai dubi fuskata ba, rigar yake kallo. Liman ma yana gefe, sai sunkuyar da kai yake yi. Ni da wautata na ɗauka kwarjini ne.

"Malam, wannan riga fa?" in ji Malam Sule.

Da na ce "saya na yi" da an wuce wurin. Amma ina! Na gyara zama na ce, "Ta marigayi mahaifina ce, Baffa. Gado na ci." (Mahaifina a lokacin yana Safana da ransa, yana cire gyaɗa.)

"Allah ya jiƙansa. Ɗan ɗaga hannunka na hagu."

Na ɗaga. Ya sa yatsa a kan wani faci da ban taɓa lura da shi ba. "Nan saniya ta soki yayana, uban Hajara. A gabana aka yi facin."

Ashe a can in mutum ya rasu, rigarsa ta ado ake ba wanda ya yi masa wanka, sadaka. Liman ne ya yi wankan, sati bai zagayo ba ya aika da ita kasuwa. Da jin maganar facin, nan take Liman ya tuna yana da alwala da zai sabunta, ya sulale ya bar ni.

Malam Sule ya ce, a hankali, ko murmushi babu, "To ɗana, in dai mai rigar nan ne ya haife ka, Hajara ƙanwarka ce. Ka ga babu aure ke nan. In kuma ba shi ba ne, wanda ya binne ubansa da rai saboda riga, me zai yi da 'yar wani?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tuɓe rigar na ninke na ajiye a gabansa, na hau kekena daga ni sai singileti. Hajara na ji an ce ta yi kuka, amma sai da ta gama dariya. Bayan damina ta auri wani mai shadda, kuma wallahi ya yi mini ciwo.

Har yau ina sayen tsofaffin riguna, hali zanen dutse. Sai dai yanzu kafin in yi ciniki nakan tambayi dillali ko mai rigar ya bar 'ya mace.