Mai Tsire da Allon Mushe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwa na jira.

Wani ne mai tsire a kasuwar Guci. Ko bihim bai sani ba, amma duk garin babu mai son littafi kamarsa, don da shi yake naɗe nama. Mushe Alkasim, malamin lakwal, wato makarantar boko inda ake kiran malami mushe, shi ke ba shi duk wanda ya karance har ya yage.

Kwatsam littafi ya daina zuwa. Ranar kasuwa ta zo, nama ya gasu, ba takarda ko ta shafa yaji. Masu saye suka fara zamewa wurin maƙwabcinsa.

Can sai ga Mushe. Mai tsire ya tare shi, ya tambaya ko ya daina karatu ne. Mushe ya yi dariya, ya zaro wani ɗan allo mai gilashi daga aljihu, ya ce yanzu a nan yake karatu, littafi dubu ne a ciki. Ya shafa da yatsa, shafi ya wuce, wani ya fito.

Mai tsire ya haɗiyi yawu. "Wanda ya wuce fa, Mushe, kana da bukatarsa?"

"Na gama da shi."

Mushe ya ba shi ajiyar allon, ya shiga wurin wanzami. Gogan naka ya duƙufa. Ya shafa, shafi ya tafi. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, wayam. Ya sake shafawa da ƙarfi, ya kakkaɓe rigarsa, ya duba cikin hula. Sai ya hangi wata akuya a gefe tana tuƙa. Ya bi ta da tsinke har rumfar masu goro, ya buɗe bakinta, ɓawon rake ya gani.

Da ya dawo, ga Abdulhadi direba a tsaye, ya ce a naɗe masa yanzu ko ya yi gaba. Mai tsire ya ga ciniki zai kuɓuce, ya ce a ransa in takarda ta ƙi fitowa, nama ya je ya same ta. Ya zube tsire a kan allon, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya tsiyaya mai. Ya kama gefe da gefe zai ninke, abu ya ƙi. Ya ɗora a gwiwa ya danna.

Ƙaras!

Daidai nan Mushe ya iso, kai na sheƙi. Ya dafe ƙirji.

"Bawan Allah, littafi dubu ka karya mini!"

Mai tsire ya goge hannu a riga, ya dube shi da tausayi.

"Mushe, ni da ka gani na daɗe ina harka da littafi. Wanda ya sayar maka da wannan ya cuce ka. Littafi dubu, a kasa naɗe tsinke ɗaya?"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone.